Ƙirar Gatari da Wuƙa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu: Ilmin da Ba a Rubuta Ba

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda babu aikin maƙeri a cikinsa. Ko da a birni ne, inda kayan kanti suka yi yawa, in aka duba madafi za a tarar da wuƙa, in aka duba bayan ɗaki za a tarar da gatari. Amma duk da haka, abin da aka rubuta da Hausa game da ƙira bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa ya tsaya ne ga al'adun maƙera, kamar wasan wuta da kiɗan dundufa da sarautar Sarkin Maƙera. Shi kansa aikin, watau yadda guntun ƙarfe ke zama gatari mai sara ko wuƙa mai yanka, da dalilin da ya sa maƙeri yake yin kowane abu yadda yake yinsa, ba a cika kula da shi ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bayyana wannan aiki kamar yadda muka gan shi a maƙerun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, sa'an nan mu nuna cewa abin da maƙeri yake yi da ido da kunne da hannu ilmi ne cikakke, wanda kimiyyar ƙarfe ta zamani ta tabbatar da shi. Muna kuma so mu jawo hankalin mahalarta wannan taro ga cewa rabin wannan ilmi, watau dafa tama, ya riga ya salwanta ba tare da mun rubuta shi ba, ragowar kuwa yana iya bin sahu muddin muka yi sake.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu yi bayanin kalmomi biyu. Kalmar maƙera tana nufin jam'in maƙeri, tana kuma nufin wurin da ake ƙira, bambancinsu a karin sauti yake, ba ya fitowa a rubutu. Na biyu, Hausawa sun raba ƙira gida biyu: ƙirar fari, ta masu aikin azurfa da tagulla da farin ƙarfe, da ƙirar baƙi, ta masu aikin baƙin ƙarfe. Maganarmu a nan a kan maƙeran baƙi take.

2.0 Matsayin Ƙira a Tarihi

Aikin ƙarfe daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki na Afirka. Haƙe-haƙen da Bernard Fagg ya yi a Taruga a shekarun 1960 sun nuna cewa mutanen Nok suna dafa tama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. An kuma sami alamun irin wannan aiki a Dutsen Dala a Kano, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 7, har ma tarihin baka yana danganta kafuwar Kano da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. A wajen maƙera kuwa, asalin sana'arsu ya wuce nan, domin suna jingina ta ga Annabi Dawuda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Allah Ya tausasa wa ƙarfe. Akwai kuma sura guda a Alƙur'ani mai girma, ta 57, wadda aka sa wa sunan ƙarfe.

Garuruwan nan uku da muka zaɓa suna kan layi ɗaya: Tsafe a kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, Gusau a tsakaninsu. Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau wajen 1811, bayan jihadi, amma ƙasar ta daɗe da mutane, kamar yadda tsohon garin 'Yandoto na ƙasar Tsafe da duwatsun Kwatarkwashi na yankin Bunguɗu suka shaida. Ƙasa ce ta noma da kiwo da daji, kuma a ƙarni na 19 ƙasa ce ta yaƙi. Saboda haka maƙeri ya zama mutum mai fuska biyu: shi ke ƙera hauya da galma da lauje da gatari domin manomi, shi ke ƙera mashi da kibiya da barandami domin mayaƙi. Wannan ne ya sa kowace masarauta take da Sarkin Maƙera, wanda ta hannunsa fada take samun abin da take bukata.

3.0 Daga Tama zuwa Sifirin Mota

A da, kafin a kai ga ƙira sai an dafa tama. Akan haƙo dutsen da ke ɗauke da ƙarfe, a farfasa shi, a jera shi da gawayi hawa-hawa a cikin murhun yumɓu, sa'an nan a kunna wuta. Abin lura a nan shi ne, ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa. Tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538 a ma'aunin Salshiyas, murhun tama kuwa yakan tsaya ne wajen digiri 1,100 zuwa 1,200. Abin da ke faruwa shi ne, iskar da ke fita daga gawayi tana zare iskar shaƙa da ke haɗe da ƙarfen a cikin dutse, dattin dutsen ya narke ya tsiyaye, ƙarfen ya curu wuri ɗaya kamar soso. Wannan curi ne maƙeri yake ta gasawa yana duka har ya matse dattin da ya saura. Aiki ne mai cin gawayi da ƙarfi da kwanaki, abin da ake samu kuwa kaɗan ne. Ke nan ƙarfe abu ne mai tsada ƙwarai a wancan zamani, kuma za mu ga yadda wannan tsada ta bar tambarinta a jikin gatarinmu har yau.

Zuwan Turawa ya sauya wannan al'amari. A 1929 aka kammala layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda ya ratsa Gusau, garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga. Jirgin da ke kwashe amfanin gona shi ke shigo da ƙarfen waje, daga baya kuma motoci suka yawaita, tsofaffinsu suka zama ma'adinin maƙeri. Babu wanda zai kwana yana fama da murhu alhali ga guntun ƙarfe a kasuwa da araha. Cikin 'yan shekaru masu dafa tama suka watse, bukata ce ta kau.

Hasarar da aka yi a nan babba ce. A ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar, Nicole Echard ta yi nazarin maƙeran Hausa tun daga shekarun 1960, har ta ɗauki fim na yadda ake dafa tama tun masu sanin aikin suna raye. A Kano, Philip Jaggar ya yi bincike a kan maƙeran birni, wanda aka buga littafinsa a 1994. Mu kuwa, da muka tambayi maƙeran da muka zauna da su, amsar da muka fi samu ita ce, sun ji kakanninsu sun yi, su ba su gani ba. Sunan aikin ya saura, sirrinsa ya tafi: wane dutse ake zaɓa, yaya ake gina murhun, awo nawa na gawayi ake zuba wa awo ɗaya na tama.

Sai dai maƙeri bai tsaya ba, ya koyi sabon ilmi, watau sanin halin tsohon ƙarfe. Ba kowane ƙarfe ne ke yin kaifi ba. Abin da ke bambanta su shi ne yawan sinadarin kabon da ke cikinsu. Rodin gini da falankin ƙarfe galibi kabon ɗinsu kaɗan ne, saboda haka ko an tsoma su a ruwa ba su yin taurin kirki. Sifirin mota yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, ƙarfen dogo kuwa tsakanin 0.6 da 0.8, tsohon magagari ya fi su duka. Maƙeri bai san waɗannan alƙaluma ba, amma in ya je wurin 'yan gwangwan yakan ɗauki ƙarfe ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa, ya goga masa magagari ya ji ko yana kamawa, in akwai injin washi ya dubi tartsatsinsa. Ƙarfe mai kabon da yawa tartsatsinsa yakan yi rassa ya fashe kamar fure, mai kaɗan kuwa yakan tafi a miƙe. Wannan gwaji na tartsatsi shi ne ake koyar da ɗaliban fasaha a makarantu har yanzu.

4.0 Maƙera da Kayan Aikinta

Maƙera yawanci rumfa ce mai duhu-duhu, maƙeri yana zaune a ƙasa, kome yana inda hannunsa zai kai. A gabansa akwai uwar maƙera, watau ƙarfen da aka kafa a ƙasa ake duka a kansa. Akwai masaba da guduma na duka, da awartaki na riƙon ƙarfe mai zafi, da kurfi na yanka, da madoshi na huda, da magagari na gyaran baki, da kasko ko tsohon gwangwani na ruwa. A gefe kuma ga zugazugi, wanda a da fatar akuya ce guda biyu, yaro yana danna ɗaya yana ɗaga ɗaya domin iska kada ta yanke. Yanzu da yawa sun koma ga fanka da ake juyawa da wilin keke.

Gawayi kuwa ba kowanne ba. Maƙera sun fi son na ƙirya, domin icen yana da nauyi da tauri, gawayinsa yana da zafi, yana daɗewa, ba ya yawan toka. Duhun rumfar ma da dalili: da launin ƙarfe maƙeri yake auna zafi, a cikin hasken rana kuwa ƙarfen da ya yi ja sai a gan shi baƙi.

Ƙira ba aikin mutum ɗaya ba ce, ƙarfe ɗaya ba ya amo. Yaro yana fara koyo daga zuga, ya shekara yana kallon wuta kafin a ba shi masaba, sa'an nan a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa kamar ƙusa da tsinke. Wannan zaman kallo da mutane ke ɗauka ɓata lokaci ne, a nan idon yaro yake koyon launin wuta. Bayan maƙera kuma akwai masassaƙi mai ƙota da baduku mai kube, ta yadda wuƙa ɗaya takan ciyar da gida uku.

5.0 Ƙirar Gatari

Gatarin Hausa kashi biyu ne: ruwa da ƙota. In za a ƙera ruwan, maƙeri yakan yanko guntun sifirin, ya sa a wuta har ya yi ja ya koma ruwan ɗorawa, watau tsakanin digiri 900 da 1,200. A wannan hali ne ƙarfe yake bin guduma, shi ya sa Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ya fara yin duhu aka ci gaba da duka, yakan yi tsaga ta ciki wadda ba za ta bayyana ba sai ranar da ake sara. In kuma aka bar shi a wuta har ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan, ba shi da sauran amfani. Gefe ɗaya ake ja a tsananta shi ya zama wutsiya mai tsini, ɗaya gefen a baje shi ya yi faɗi ya zama baki. Ana mayar da shi wuta sau da yawa kafin siffar ta fito.

Ƙota kuwa ana zaɓen ice mai tauri, kamar marke ko aduwa, a sassaƙe shi ya zama siriri a wajen riƙo, mai ƙulu a kai. Masassaƙa sun fi son inda reshe ya rabu da uwar itaciya, domin a nan zaren icen ya murɗe, ba ya saurin tsagewa. Sai a huda ƙulun, a gasa wutsiyar gatarin ko madoshi mai siffarta, a tura cikin hudar, wuta ta ci icen daidai jikin ƙarfen. Tun da wutsiyar tana ƙara kauri zuwa wajen baki, kowane sara ƙara cusa ta yake yi cikin ƙota.

Domin mu gane hikimar wannan tsari, yana da kyau mu kwatanta shi da wani gatari na wata nahiya. A ƙarni na 17 da na 18, 'yan kasuwar Faransa da Ingila sun riƙa kai wa mutanen asali na Amurka ta Arewa wani ƙaramin gatari suna musaya da fatu. Shi ne ake kira tomahok, kalmar da Turawa suka aro daga harsunan Algonkiyan. Su ma maƙeran can suna fama da tsadar ƙarfe mai kabon. Dabararsu ita ce, su naɗe sillen ƙarfe mai taushi a jikin wani ƙarfe domin ya bar kafa, su sa ɗan guntun ƙarfe mai kabon a tsakanin leɓɓan biyu, su gasa har ya kusa fari, su haɗe su da duka. Ƙota ce take shiga cikin kafar ƙarfe, ana zura ta daga sama, kaurin kanta ya riƙe ruwan.

Ke nan a tomahok ice ne ke shiga ƙarfe, a gatarinmu ƙarfe ne ke shiga ice. Wasu sukan ɗauki namu a matsayin koma baya, mu kuwa ba mu yarda da haka ba. Maƙerin da ya iya naɗe gindin mashi ya shige sanda bai kasa yi wa gatari kafa ba, zaɓi ya yi. Na farko, gatari mai wutsiya ba ya cin ƙarfe da yawa, domin nauyin da ke kai sara ƙulun ƙota ne ke ba da wani kashi nasa, ice kuwa a lokacin kyauta ne a daji. Na biyu, ba ya bukatar haɗa ƙarfe da ƙarfe a wuta, aikin da ke cin gawayi kuma yake yawan ɓaci. Na uku, in ƙota ta karye manomi yana iya sake wata da kansa. Na huɗu, ana iya fitar da ruwan a juya bakinsa a gicciye a wata ƙota ya yi aikin gizago. Aibinsa ma a fili yake: ƙulun yakan tsage, kuma faɗinsa yana hana gatarin nutsewa cikin babban gungume. Amma ga aikin da aka yi shi dominsa, watau sassabe da saran reshe da faskaren itacen girki, ya wadatar.

6.0 Ƙirar Wuƙa da Sirrin Kaifi

Wuƙa, ko yuƙa kamar yadda ake cewa a karin harshen wannan yanki, iri-iri ce gwargwadon mai amfani da ita. Ta yanka doguwa ce miƙaƙƙiya, ta fiɗa gajera ce mai lanƙwasar baki domin kada ta huda fata, ta dukawa ƙarama ce, askar wanzami kuwa ita ce mafi laushin baki. Kasuwar wuƙa tana tashi ne gab da Babbar Salla saboda layya, kamar yadda kasuwar hauya da gatari take tashi gab da damina.

Fitar da siffar wuƙa bai kai na gatari wuya ba. Inda gwaninta take shi ne wajen ba ta tauri. Bayan an gama ƙira an gyara baki da magagari, sai a mayar da ita wuta a hankali har ta yi ja sosai, sa'an nan a tsoma ta a ruwa ko a baƙin mai. Bayanin kimiyya a nan shi ne, in zafi ya wuce digiri 727 tsarin ƙwayoyin ƙarfe yakan fara sauyawa, kabon ya bazu a cikinsa. In aka bar shi ya huce a hankali, kome ya koma yadda yake, ƙarfen ya yi taushi. In aka sanyaya shi farat ɗaya, kabon ba ya samun sukunin komawa, sai ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri matuƙa. Ruwa ya fi mai saurin sanyayawa, shi ya sa ya fi ba da tauri, ya kuma fi fasa ƙarfe. Maƙeran da suka saba da sifirin sun san haka, wasu sukan tsoma bakin kawai, wasu su zaɓi mai.

Amma ƙarfen da ya fito daga ruwa kamar tangaran yake, yana da tauri, yana da gautsi. Dole a rage masa. Gwanin maƙeri yakan tsoma bakin gatari kaɗai, ya fitar, ya goge shi da sauri, ya zuba ido. Zafin da ya saura a jikin ƙarfen yana gangarowa zuwa baki, launuka suna biye da shi: fari-fari mai ruwan kara wajen digiri 220, sa'an nan ruwan ƙasa, sa'an nan shunayya wajen 280, sa'an nan shuɗi wajen 300. In launin da yake so ya iso baki, sai ya tsoma duka. Aska tana son launin farko domin kaifi ake nema, gatari yana son na can baya domin duka zai sha. Ta haka ake samun baki mai tauri da jiki mai juriya a ƙarfe ɗaya.

Mun taɓa yin wani ɗan gwaji tare da ɗalibanmu a wata maƙera. Sananne ne cewa ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, wanda yake dab da zafin da ake so kafin a tsoma sifirin. Muka roƙi dattijon maƙerin ya gaya mana lokacin da yake ganin ƙarfen ya isa tsomawa. Duk sa'ad da ya ce ya yi, in muka kara maganaɗisu sai mu tarar ba ya kamawa, in kuma ya ce da saura, sai mu ji yana ja. Da muka yi masa bayani, sai ya yi dariya ya ce shi ubansa bai bar masa maganaɗisu ba, ido ya bar masa.

Ya kamata kuma mu faɗi gaskiya, ba kowace wuƙar kasuwa ce take samun wannan kulawa ba. Wasu da gangan ake barinsu da ɗan taushi, domin mai ita ya iya wasa ta a kowane dutse. Wasu kuwa ha'inci ne ko gaggawa, an ƙera su da ƙarfen da ba ya ɗaukar tauri saboda mai saye araha yake nema. Irin waɗannan ne suke ɓata sunan sana'ar, har a riƙa cewa wuƙar maƙera ba ta riƙe kaifi.

7.0 Matsalolin da Ke Fuskantar Sana'ar

Matsala ta farko ita ce rashin tsaro. Tun daga wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, Tsafe da Bunguɗu suna cikin wuraren da abin ya shafa. Maƙeri da manomi kamar zani da jiki suke, in gona ta gagari shiga babu mai sayen hauya, in daji ya gagari shiga babu gawayi, babu ƙota. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci a matsayin matakin tsaro, waɗannan kasuwanni kuwa nan ne maƙerin ƙauye yake baje kayansa. Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Gusau suna iya ɗauko guduma da awartaki, amma ba su iya ɗauko masu sayen kayansu.

Ta biyu, zargi. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba, kuma ba ma musun cewa akwai masu karya ta. Sai dai laifin 'yan kaɗan ya shafa wa sauran kashin kaji, har mai ƙera lauje da wuƙar layya yana ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da takarda da alƙalami. Wannan yana ƙara wa mai bincike wahala, daidai lokacin da binciken ya fi zama dole.

Ta uku, ƙarancin kayan aiki. Ƙirya itaciya ce mai jinkirin girma, masu gawayin sayarwa sun yi mata ca. Tsohon ƙarfe kuwa yanzu yana da masu saye da yawa, ana loda shi a manyan motoci zuwa kamfanonin narka ƙarfe, maƙeri yana takara da wanda ya fi shi jari.

Ta huɗu, wadda muke ganin ta fi sauran haɗari, ita ce yankewar gado. Ƙira sana'ar gado ce, ba a rubuce take ba. In ɗan maƙeri ya koma acaba ko walda ko haƙar zinariya, abin da ke kan ubansa ya tsaya nan. Haka aka yi hasarar dafa tama.

A nan akwai darasi daga Amurka. Can masana'antu sun kusa kashe ƙirar hannu baki ɗaya, sai a 1973 aka kafa ƙungiyar maƙeran hannu ta Amurka ta Arewa, a 1976 kuma aka kafa ta maƙeran wuƙa, suka shiga neman tsofaffin da suka saura da tsofaffin littattafai domin su farfaɗo da abin da ya kusa ɓacewa. Su sun sami littattafan da za su koma gare su. Mu in namu ya tafi, ina za mu koma?

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Tun daga manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, ake cewa a koya wa yara fasaha a ƙaramar sakandare. An shigo da injuna daga waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malamai, alhali a bayan katangar makaranta ga maƙeri yana aiki da gawayi da fatar akuya. Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka.

Na ɗaya, sassan Hausa da na fasaha a manyan makarantun jihar, kamar Kwalejin Ilmi ta Maru da Kwalejin Ilmin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, su haɗa hannu. Malamin Hausa yana da kalma ba shi da kimiyya, malamin fasaha yana da kimiyya ba shi da kalma. Na biyu, a tattara kalmomin ƙira na karin harshen Zamfara, a ɗauki aikin a murya da hoto daga yankan ƙarfe har zuwa sa ƙota, a kuma bi ta hannun Sarakunan Maƙera domin a kawar da zargi. Na uku, a nemi duk wani tsoho da ya taɓa ganin dafa tama ko ya ji bayaninta daga wanda ya yi, a rubuta abin da ya tuna kome ƙanƙantarsa. Na huɗu, a riƙa kai ɗalibai maƙera, a kuma gayyato maƙera aji a matsayin malamai, a biya su haƙƙinsu. Na biyar, a sa ƙirya da marke cikin itatuwan da ake rabawa a shirin dashen itace.

A taƙaice, mun yi ƙoƙarin nuna cewa siffar gatarin Hausa amsa ce ga tsadar ƙarfe a zamanin tama, kuma abin da maƙeri yake karantawa a launin wuta shi ne abin da littafin kimiyya yake faɗa da alƙaluma. Sana'ar ta tsira daga mutuwar tama domin ta sami sifirin mota, amma babu abin da zai maye gurbin dattijon da ya san lokacin da ƙarfe ya isa tsomawa. Waɗannan dattawa suna nan da ransu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kuma zuwa wurinsu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Muna fata a taro mai zuwa za a sami wanda zai kawo mana kalmomin ƙira na Anka ko Talatar Mafara ko Zurmi, domin mu kwatanta da waɗanda muka tattara. Allah Ya sa mu dace.